Maijego da Rage Ƙiba: Shayin Tumbi, Bel, Yunwa ko Gyaran Kwano?

Tun kafin a watse daga taron suna shawarwari suke fara zubo wa maijego. Gwaggo tana cewa ta ci ta ƙoshi nono ya kawo, ƙawa tana turo mata hoton shayin rage tumbi ta WhatsApp, wata ta ce ta sayi bel ta ɗaure cikin tun bai saki ba, wata kuma ta ce magana ɗaya ce, ta rabu da tuwo da shinkafa. Kwanan nan an samu ƙarin masu tallan allura. Kowace hanya cikin waɗannan akwai wadda za ta rantse miki ta yi mata aiki, kuma mai yiwuwa ba ƙarya take yi ba, domin sikeli yana sauka ta hanyoyi da yawa. Sai dai mai shayarwa ba ita kaɗai ke rayuwa da jikinta ba. Shi ya sa nake so a riƙa yi wa kowace hanya tambaya biyu kafin a kashe mata kuɗi ko a wahalar da kai a kanta: me take fitarwa daga jiki, kitse ko ruwa? Kuma me take yi wa nono da ƙarfin uwa?

Ya kamata a fara sanin abin da ake fama da shi. Mace mai matsakaicin jiki ana sa ran ta ƙaru da kilo 11 da rabi zuwa 16 a tsawon goyon ciki. Ranar haihuwa kaɗai kilo 5 zuwa 6 suna tafiya, wato jariri da mabiyiya da ruwan faya da jini. A makonni biyun farko ruwan da jiki ya tara yana fita ta fitsari da gumi, wasu kilo 2 ko 3 su bi baya. Mahaifa da ta kai kusan kilo ɗaya tana tsukewa ta koma ƙasa da giram 100 cikin mako 6, kusan daidai da arba'in ɗinmu. Abin da ya rage bayan wannan galibi kitse ne a cinya da ƙugu da ciki, kuma da gangan jiki ya ajiye shi saboda shayarwa. Uwar da ke ba da nono zalla tana samar da kimanin mililita 750 a rana, kwatankwacin leda ɗaya da rabi ta ruwan sha, aikin da yake cin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 500 kullum. Kitsen nan guzuri ne na wannan aikin.

Daga nan hukunci na farko ya fito, kuma ya hau kan dukkan hanyoyin: kafin arba'in ba a fara komai. Lokaci ne na warkewar rauni, da mayar da jinin da aka zubar, da kafuwar ruwan nono. Wadda aka yi wa aiki, ko ta yi fama da hawan jini ko jijjiga, ko ta zubar da jini da yawa, ita sai likita ya duba ta ya ce ta soma.

Ba kuma kowace maijego ce wannan magana ta shafa ba. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙiba fiye da kima, amma kashi 12 ramammu ne, sannan kashi 58 suna da ƙarancin jini. A Arewa ramar ta fi yawa. Idan kin fito daga jego wuyanki ya zurma, kina ganin jiri idan kin miƙe, 'yar uwa, ke ƙarin abinci kike bukata, ko da kuwa cikin bai koma ba.

Barin shayarwa ta yi aikinta

Wannan ita ce hanya mafi arha, kuma babu haɗari a cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar nono zalla wata 6, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara 2, adadin da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara. Mata da dama da wannan kaɗai suke komawa jikinsu cikin wata 6 zuwa shekara. Amma kada a yi wa kowa alƙawari, domin shayarwa tana zuwa da yunwa mai tsanani, kuma wasu matan jikinsu yana riƙe kilo 2 ko 3 na ƙarshe har sai sun yaye.

A wurinmu akwai ƙarin dalilin da ke sa ba ta isa ita kaɗai. Tsarin jegonmu an gina shi ne a zamanin da mace take daka, take surfe, take ɗebo ruwa daga rijiya, kuma naman da za ta ci a kwana arba'in ɗin nan wataƙila ba za ta sake ganin irinsa ba sai sallah. A wancan yanayi ciyar da maijego sosai hikima ce. Yau a birni kuwa mace tana zaune kwana arba'in, ga kunu da sukari safe da yamma, ga shayi mai kauri da burodi, ga kayan gara na alkaki da nakiya da dubulan da cincin a gefen gado, ga lemun kwalba da 'yan barka suka kawo katan-katan. Kalori 500 da nono yake ɗauka ana mayar da ninkinsa kafin azahar. Mata da yawa a cikin jego suke yin ƙibar da suke ɗora wa ciki laifinta.

Tunda an zo kan jego, dole a taɓa kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Akwai masu ganin wankan yana narkar da kitse saboda gumin da ake yi. Ruwa ne yake fita, kuma da kin sha ya dawo. Ita kuwa kanwa cike take da sinadarin gishiri, wanda ke sa jiki ya riƙe ruwa, ya kuma ɗaga hawan jini. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi nazari a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa da shan kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken baya-bayan nan, musamman na Kano, ya fi karkata ga wasu dalilai irin su hawan jinin ciki, rama da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam. Ko wanne ne ya fi ƙarfi, yankinmu yana cikin wuraren da wannan ciwo ya fi yawa a duniya, kuma babu wata hujja da za ta sa mai kumburin ƙafa ko hawan jini ta riƙa ɗura wa kanta kanwa. Kunun gero ko na tsamiya ko na gyaɗa zai yi mata abin da ake nema ba tare da ita ba.

Hanyar yunwa

A nan na haɗa tsallake abinci, da cin sau ɗaya a rana, da tsarin keto da ake yanke duk wani tuwo da shinkafa da doya, da tsarin ƙayyade sa'o'in cin abinci. Abin da ke jan mata gare su shi ne sauri: a makon farko sikeli yakan sauka da kilo 2 ko fiye. Mafi yawan wannan ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka tare da ruwa mai yawa, idan aka daina cin hatsi ajiyar ta ƙare, ruwan ya bi fitsari. Ranar da aka koma cin tuwo ya dawo.

Idan aka daure aka ci gaba, kitse yana tafiya da gaske, amma da tsoka a tare, kuma kuɗin da ake biya yana da yawa. Masana abinci suna gargaɗin kada mai shayarwa ta yi ƙasa da kalori 1,800 a rana. Jikin uwa yana fifita jariri, saboda haka da farko nonon ba ya canzawa sosai, ita ce take ƙarewa: jiri, ciwon kai, saurin fushi, zubewar gashi, kasa ɗaukar yaro na minti goma. Idan yunwar ta yi tsawo yawan nonon ma ya ragu, sannan wasu bitamin da ke cikinsa, kamar A da B12, suna bin abin da uwa ta ci ne. Keto yana da nasa haɗarin na daban ga mai shayarwa. An samu mata a ƙasashe daban-daban da aka kwantar a asibiti jininsu ya yi tsami saboda sun haɗa shayarwa da yanke hatsi gaba ɗaya, da amai da haki da ciwon ciki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma idan ya faru yana iya kisa. Ni ban ga ribar da ta kai a ɗauki wannan kasada ba.

Azumi kuwa ibada ne, kuma bai kamata a mayar da shi maganin tumbi ba. Mai jinin biƙi ba ta azumi, mai shayarwa kuma shari'a ta yi mata rangwame idan ta ji tsoro ga kanta ko ɗanta. Bayanin ramuwa da ciyarwa yana wurin malamai. Wadda jaririnta ya haura wata 6 yana cin abinci, ita kuma tana da lafiya, takan iya yi idan ta kula da sahur da shan ruwa tsakanin magariba da asuba. Wadda ke ba ɗan wata 2 nono zalla a zafin bazara na Sakkwato ko Maiduguri ko Maraɗi, inda zafi ke wuce digiri 40, lissafinta daban ne.

Shayi, ƙwaya da allura

Shayin rage tumbi shi ya fi kowace hanya kasuwa, kuma shi ya fi ba ni takaici. Mafi yawansu ganyen sa zawo ne irin su filasko da sanamaki, da abin da ke sa yawan fitsari, da sinadarin kofi. Mai sayarwa za ta ce miki zawon nan kitse ne da datti ke fita. Ga yadda abin yake: abinci a ƙaramin hanji jiki yake tsotse amfaninsa, shi kuwa ganyen sa zawo a babban hanji yake aiki, bayan an riga an tsotse. Abin da kike zubarwa a banɗaki ruwa ne da gishirin jiki, ciki har da fotasiyam da bugun zuciya yake dogara da shi. Nono kuwa kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne. Ciki yana lafewa na kwana biyu saboda hanji ya zama wayam, kitse yana nan inda yake. Wadda ta daɗe tana sha kuma hanjinta yakan saba, har ta kasa bayan gida sai da shi.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Hukumomin magunguna a ƙasashe da yawa sun sha gano wata ƙwaya mai suna sibutramine a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da aka rubuta wa "ganye zalla". An janye ta daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 bayan an ga tana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ke da zuciyarki ba ta gama hutawa daga nauyin ciki ba, ba ki san abin da ke cikin garin da aka ƙulla miki a leda ko aka zuba a roba ba. Lambar NAFDAC ma a jikin maganin gargajiya ba ta nufin an tabbatar yana yin aikin da ake tallata shi da shi, balle a ce an gwada shi a kan masu shayarwa.

Su ruwan ɗumi da lemun tsami, citta, kanumfari, koren shayi kofi ɗaya ko biyu, ba su da illa a gwargwadon da ake sha a gida. Ba sa narkar da kitse. Amfaninsu ɗaya ne: idan sun maye gurbin shayi mai sukari cokali huɗu, an samu riba.

Allurai irin su Ozempic da Wegovy da Mounjaro dabam suke da duk waɗannan, domin su da gaske suna rage kitse. A babban gwajin da aka wallafa a 2021, masu amfani da sinadarin da ke cikin Wegovy sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin mako 68. Amma ba a yi gwajin da masu shayarwa ba, kuma hukumomin lafiya suna cewa a guje su a lokacin shayarwa. Aikinsu kashe sha'awar abinci ne, sau da yawa da tashin zuciya da amai, a daidai lokacin da kike bukatar ci. Ana so a daina Ozempic aƙalla wata 2 kafin ɗaukar wani ciki, mu kuwa ciki yakan shigo ba sallama. Idan aka daina allurar mafi yawan nauyin yana dawowa. Ga tsada, ga bukatar firiji, ga jabu: a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan jabun Ozempic da aka kama a Birazil da Ingila da Amurka. Mai ƙiba sosai ko mai ciwon sukari tana iya tattauna su da likitanta bayan yaye. Sayen su a Instagram da goyo a baya ganganci ne.

Ɗaurin ciki

Iyayenmu sun daɗe suna ɗaure wa maijego ciki da zani, kuma ba zan ce ba shi da amfani ba. Ɗauri mai sauƙi yana tallafa wa bayan da ya gaji, yana sa mace ta ji jikinta a haɗe, kuma ga wadda aka yi wa aiki bel mai laushi irin na asibiti yana rage zafi idan za ta tashi ko ta yi tari. Wannan shi ne iyakar aikinsa. Ba ya taɓa kitse, kuma mahaifa da shi da babu shi za ta koma.

Bel mai ƙarfe da ƙugiyoyi da ake matse ƙugu da shi har numfashi ya yi wuya shi ne matsala. Idan aka matse tsakiya, nauyin kayan ciki ƙasa yake yi, ya sauka a kan tsokokin ƙasan mara waɗanda haihuwa ta riga ta sassauta. Mai ɗigar fitsari idan ta yi atishawa, ko mai jin kamar wani abu yana saukowa ta gabanta, tana ƙara wa kanta ciwo ne. A zafinmu kuma ga ƙuraje, ga gumi a kan ɗinkin da bai warke ba. Idan za ki sa don kwalliyar biki na awa uku, wannan zaɓinki ne, amma kada ki lissafa shi cikin hanyoyin rage ƙiba.

Gyaran kwano da tafiya

Wannan ce hanyar da nake goyon baya, kuma ita ce aka gwada a kan masu shayarwa aka auna 'ya'yansu. A shekarar 2000 aka wallafa wani bincike daga jihar Karolina ta Arewa a Amurka, a kan mata 40 masu ƙiba da ke ba da nono zalla. Rabinsu aka rage musu kalori 500 a rana, suka riƙa motsa jiki minti 45 sau 4 a mako, tsawon mako 10. Sun rage kusan kilo 5, wato rabin kilo a mako, sauran kuwa ba su kai kilo ɗaya ba. Jariran ɓangarorin biyu girmansu da tsawonsu bai bambanta ba. Kafin wannan, a 1994, an gwada motsa jiki shi kaɗai a Kalifoniya ba tare da taɓa abinci ba: matan sun ƙara ƙarfi da juriya, nononsu bai ragu ba kuma bai canza ba, amma nauyinsu bai sauka fiye da na waɗanda ba su yi ba. Wato abinci ne ke saukar da sikeli, motsa jiki yana gina ƙarfi yana kare tsoka. Maganar da ake yi cewa gumi yana ɓata nono kuma ba ta tabbata ba.

To ina za a samo kalori 500 ɗin nan ba tare da yunwa ba? A gidajenmu suna nan a wuri uku: sukari, mai da lemu. Cokalin shayi ɗaya na sukari kalori 16 zuwa 20 ne. Uku a kunun safe, uku a shayin dare, an haura 100. Lemun kwalba babba ɗaya yana ɗauke da sukari sama da cokali 10, kalori wajen 200, kuma su maltina da ake cewa suna ƙara jini da nono ba su da nisa da haka. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne. Ki tuna nawa ake kwarara wa shinkafa da wake ko ɗanwake ko taliya da mai da yaji. Ki cire sukarin nan, ki bar lemun, ki rage cokali biyu na mai, kin kai 500 ba ki taɓa malmalar tuwonki ba. Mai shayarwa matsakaiciya tana bukatar kalori 2,300 zuwa 2,500, saboda haka bayan ragin ba ta yi ƙasa da iyakar 1,800 da aka gindaya ba.

Sai a zo kan kwanon kansa. Ba sai kin sayi abincin Turawa ba, domin namu ya isa idan aka juya lissafin. Mun saba tuwo ya cika kwano miya ta zama ɗan abin dangwale. A mayar da miyar ta yi yawa, ta kuka ko kuɓewa ko taushe ko alayyahu, da ɗan mai kaɗan, tuwon ya zama malmala ɗaya madaidaiciya. Tuwon dawa da na gero da acha da dambu sun fi farin burodi da taliyar leda riƙe ciki. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, faten wake da ganye, alale, dafaffen ƙwai, kindirmo ba sukari, gyaɗa cikin tafin hannu, gwaiba, kankana, gwanda: waɗannan su ne abin da za ki ajiye kusa don yunwar da ke tasowa bayan yaro ya sha, maimakon cincin. Nama da kifi sun yi tsada, na sani. Wake da waken suya da gyaɗa da busasshen kifi suna toshe wannan gurbin, kuma awara ba dole sai an tsoma ta cikin mai ba, ana iya saka ta a miya. Farfesun jego da gasasshen nama ba su ne matsalar ba, ki ci abinki. Fura da nono ma abinci ne mai kyau, sukarin da ake zuba mata ne ke ɓata ta.

Kada ki tsallake karin kumallo, kuma ki ajiye ruwa kusa da inda kike shayarwa ki sha duk lokacin da ƙishi ya zo. Idan an ba ki maganin ƙarin jini a asibiti ki ci gaba da shi bayan haihuwa yadda aka ce, ki kuma raba shi da shayi, domin ganyen shayi yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe. Mace mai ƙarancin jini ba ta da ƙarfin tafiyar da za a ce ta yi.

Ita tafiyar, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne minti 150 a mako, wato rabin awa sau 5. A fara da minti 10, da sassafe ko bayan la'asar. Wadda ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida da goyonta, ko hawa da saukar bene, ko rawa a ɗakinta. Saurin da ake so shi ne wanda za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Ki shayar kafin ki fara don ƙirji ya yi sauƙi. Tsalle da gudu da ɗaukar jarkar ruwa a bar su sai wata 3 ya wuce, musamman ga wadda aka yi wa aiki.

Aibin wannan hanya ɗaya ne: jinkiri. Kilo 2 a wata ba abin da za a ɗauki hoto a nuna ba ne, kuma mai kilo 10 a kanta sai ta yi wata 5 ko 6. Sannan tana bukatar haɗin kan gida. Cefane a hannun maigida yake, tukunya kuma ɗaya ce. Namijin da yake yi wa matarsa gorin tumbi alhali ba ya kawo ƙwai da ganye, ba ya karɓar yaro ta samu barcin awa ɗaya, shi ne yake tura ta wurin masu shayin zawo. Barci ba ƙaramin abu ba ne a nan: an lura matan da ba sa samun fiye da awa 5 sun fi riƙe nauyin haihuwa bayan shekara, domin rashin barci yana tayar da yunwa da kwaɗayin zaƙi.

Idan nauyi ya sauka tumbi bai koma ba

Sau da yawa wannan ba kitse ba ne. Tsokar ciki layi biyu ce daga ƙirji zuwa mara, goyon ciki yana buɗa tsakaninsu, kuma a wasu matan, musamman masu haihuwa da yawa ko 'yan biyu, ba ta haɗewa da wuri. Ki kwanta rigingine, ki tanƙwara gwiwa, ki ɗaga kai kaɗan, ki danna yatsu a saman cibiya. Idan fiye da yatsu biyu suna nutsewa bayan wata 2 da haihuwa, ko kina ganin tsakiyar cikin yana tasowa idan za ki tashi, to ba yunwa ba ce maganinsa, ba shayi ba, ba bel ba. Atisayen kwanciya ana tashi zaune ma yana iya tsananta shi. Abin da ke taimakawa shi ne ki fitar da numfashi a hankali kina jan cibiya ciki, ki riƙe daƙiƙa 5 zuwa 10, tare da matse tsokar da kike riƙe fitsari da ita, sau 10 a zama ɗaya, sau 3 a rana. Idan za ki tashi daga gado ki fara juyawa gefe. Manyan asibitoci suna da sashen fisiyo, wato masu gyaran tsoka da gaɓoɓi ta hanyar atisaye, da ke duba wannan. Fatar da ta saki da nankarwa kuwa lokaci ne ke rage su, kuma ba lallai su ɓace duka ba.

Akwai kuma abin da ke rushe duk wani ƙoƙari: sabon ciki kafin a sauke nauyin na baya. Haka kilo 3 na haihuwar fari ke haɗuwa da 4 na ta biyu har mace ta kasa gane jikinta. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai idan abu uku sun haɗu: yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Shawarar masana ita ce a bar wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin. Idan za ki zaɓi hanyar tazara ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya damuwarki, domin allurar wata uku tana sa wasu mata ƙiba, kuma akwai wasu hanyoyin.

Yadda za ki san ko kin wuce gona da iri a jikin yaron yake. Bayan makon farko ya kamata ya jiƙa kunzugu aƙalla sau 6 a rana da fitsari mara duhu. A rigakafin mako 6 da 10 da 14 ana ɗora shi a sikeli, ki nemi a nuna miki layinsa a kati. Idan layin ya kwanta ko ya yi ƙasa, ko ke kina sauka fiye da rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, ki ƙara abinci a ranar, ki kuma yawaita ba shi nono. Ke ma ki hau sikeli sau ɗaya a mako kawai, da safe, ko ki auna ƙugu da tef ɗin tela. Idan kina yin komai daidai wata 3 nauyi bai motsa ba, ga kasala da jin sanyi da bushewar fata, ki nemi a gwada miki maƙoƙo, domin yakan rikice bayan haihuwa. Idan kuwa nauyi yana hawa da sauri tare da kumburin ƙafa, da haki idan kin kwanta, da tari cikin dare, wannan ruwa ne ke taruwa saboda zuciya, kuma asibiti za a kai ki a ranar.